Mazaunin garmaho da tif ɗin keke da dutse

Garmahon da na yi wa mazauni Technics SL-1200 ne, nauyinsa wajen kilo 12. Matsalarsa biyu: in aka ƙara murya sai lasifika ta fara gurnani, in janareto na aiki a waje kuma ana jin rurinsa ƙasa-ƙasa cikin kiɗa. Allura ba ta bambanta lanƙwasar faifai da jijjigar teburi, duk abin da ya motsa ta sai ta mayar da shi sauti.

Abu guda ke tafiyar da aikin nan: nauyi a sama, laushi a ƙasa. Duk nauyin da aka ɗora kan abu mai lotsawa yana da saurin da yake lilo da kansa, kuma ba ya fara tare jijjiga sai wadda ta ninka wannan saurin sau 1.4. Wadda ta zo daidai da shi ƙara ta ma yake yi. Robar da ta lotsa milimita 1 lilonta wajen 16 Hz ne, wato sau 16 a daƙiƙa, wadda ta lotsa santimita 1 kuwa 5 Hz. Hannun garmaho da allurarsa nasu lilon tsakanin 8 da 12 Hz yake, don haka dole mazaunin ya sauka ƙasa da nan sosai, 3 zuwa 4 Hz. Wannan ne ya sa ban kula ƙafafun roba masu tauri ba, balle ƙusoshin ƙarfe masu tsini da ake sayarwa da tsada: haɗa na'urar da teburi suke yi, ba rabawa ba.

Na sa an yanka mini dutsen giranit a wurin masu tayil, santimita 50 da 40, kauri 3, ya kai kilo 16. Ƙasan kuma tire ne na filawud mai kaurin milimita 18, da baki mai tsayin santimita 4, cikinsa ya fi dutsen faɗi da santimita 1 ta kowane gefe. Wannan ratar ba ado ba ce. Dutsen na taɓa katako ko a kusurwa ɗaya, aikin ya tashi a banza.

Tif ɗin na keken yara ne, inci 16, na ɗan matse shi ya yi siffar ƙwai ya bi tsayin tiren, na kwantar da shi a ciki, dutsen a kansa. Na huda rami a gindi na zuro bawul ta ƙasa, na sa wa tiren ƙafafu don bakin famfo ya samu shiga ba sai an sauke kaya ba. Iskar kaɗan ce ƙwarai, abin da zai ɗaga saman dutsen kamar milimita 5 sama da bakin tire. Kilo 28 na garmaho da dutse a kan faɗin tif ɗin bai wuce fam ɗaya na matsi ba, ma'aunin mai faci ko motsi ba zai yi ba. Aka cika shi tam, ya zama ƙwallo, lilon ya hau inda hannun allura yake, gurnanin ya fi na da.

Akwai abin da ba a gani: tif ɗin yana rufe iskar tsakiyarsa tsakanin dutse da katako, ita ma ta zama wani matashi mai tauri. Bututun shan lemo guda a ƙarƙashin tif ɗin ya isa ya ba ta hanya, ko ramin milimita 10 a tsakiyar tire.

Daidaitawa ce ta fi cin rai. Nauyin garmaho ba a tsakiya yake ba, sai ya rinjaya gefe. Ƙara iska ba ya gyara wannan. Ana matsar da garmahon ne a kan dutsen, kaɗan-kaɗan, da ma'aunin lebur na magina a kan farantin faifai, har kumfar ta tsaya tsakiya ta fuska biyu. Wayoyin baya su yi sako-sako, domin waya mai kauri da aka ja ta miƙe tana ɗauko jijjiga daga bango kai tsaye.

Gwaji ba wuya. A kashe juyi, a sauke allura kan faifai, a ƙara murya a hankali, a ƙwanƙwasa teburin da ɗan yatsa. Da, "dum" ake ji a lasifika. Yanzu sai an kasa kunne. Rurin janareto ya ɓace, tunda mai juyi 3,000 a minti jijjigarsa 50 Hz ce, can sama da lilon mazaunin. Takun ƙafa a daɓen katako kuwa yana kusa da lilon, tif ba ya maganinsa. Wannan sai kanta da aka kafa a jikin bango.

Tif yana sacewa a hankali, zafi da sanyi ma na canza tsayinsa. Na ja layi da fensir a gefen dutsen daidai bakin tire, in layin ya nutse sai a ba shi famfo ɗaya ko biyu, a sake duba lebur.