Injin naɗa wayar jita da na haɗa a Damagaram

Maɗaukin sautin jitar lantarki abu ne mai sauƙin gini: ƴan sandunan maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe mai rufin fenti. Idan tsirkiyar ƙarfe ta motsa a kansa, sai a samu ƴar wutar lantarki a cikin naɗin, wadda amfilifaya take ƙara wa ƙarfi. Wahalar tana wajen yawan zagaye, domin maɗaukin jitar Fender Stratocaster yana ɗaukar zagaye wajen 8,000 na waya mai lamba 42, wadda kaurinta bai wuce milimita 0.063 ba, wato kusan kaurin silin gashi. Makaɗan garinmu da ke wasa a wuraren biki sukan ajiye jita mai kyau saboda naɗinta ya tsinke kawai, kuma masu gyaran fanka da injin ban ruwa, duk da ƙwarewarsu a naɗin waya, ba su saba da mai irin wannan siranta ba.

Na zaɓi tsohon keken ɗinki na ƙafa a matsayin gangar jikin injin, wanda na saya hannun wani tela a unguwar Zango. Mutane da yawa suna amfani da injin lantarki, amma a ganina keken ƙafa ya fi dacewa da mu, saboda ɗaukewar wuta ba ta tsayar da aiki, kuma ƙafa tana iya rage gudu nan take. Na sa kafinta ya yanka faifan katako, na ɗaure shi a jikin ƙafar keken da ake juyawa da hannu, sannan na dasa ƙwaryar maɗaukin, wato gangar da ake naɗa wayar a kanta, a tsakiyarsa daidai, domin idan ta karkace ko kaɗan wayar za ta taru a gefe ɗaya.

Don ƙirga zagaye, na liƙa ƙaramin maganaɗisu a bakin faifan, na kafa ɗan makunnin gilashi irin wanda maganaɗisu ke rufewa kusa da shi, na haɗa wayoyinsa biyu da dalma a ƙarƙashin maɓallin sakamako (=) na wata kalkuleta mai arha. Idan aka danna 0 + 1 da farko, duk wucewar maganaɗisun tana ƙara ɗaya. Kalkuletar ba ta iya bin gudu mai yawa, abin da ke tilasta wa mai naɗi tafiya a hankali.

Ainihin aikin yana cikin yatsu. Ana ajiye kwarkwaron wayar a ƙasa a tsaye, wayar tana warwarewa ta samansa ba tare da ya juya ba, sannan ta ratsa tsakanin babban yatsa da manuniya a cikin ɗan ƙyalle mai laushi. Idan aka matse da yawa sai ta tsinke ko rufinta ya goge. Idan aka sassauta, naɗin yakan yi sako-sako, jitar ta riƙa ƙara mai kashe kunne da zarar an ɗaga sauti. Hannun kuma yana kai da komo a hankali don wayar ta bazu. A lokacin hunturu ina rufe tagogi in yayyafa ruwa a ƙasa kafin in fara, domin ƙurar da ta shiga tsakanin zagaye ba ta fitowa.

Bayan an gama, ana gwada naɗin da mita, kuma irin na Stratocaster yakan nuna kusan om 6,000 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wutar lantarki). Ƙarin zagaye yana ƙara ƙarfin sauti amma yana rage zaƙin siririyar murya, shi ya sa nake tambayar makaɗi irin amon da yake so tun kafin in taka keken. Daga nan sai a tsoma maɗaukin cikin narkakken kyandir da aka gauraya da kakin zuma, a kwanon da ke cikin ruwan zafi, har kumfar iska ta daina fitowa. Abin da ya rage mai wuya shi ne samun wayar kanta, wadda sai an yi saƙonta daga waje ta hannun ƴan kasuwar da ke zuwa Kano.