Kwana biyu a Yankari da gilashin aro

Gilashin kyamarar ba nawa ba ne. Wani abokina mai ɗaukar hoton biki a Kano ya ara mini, irin mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 300, bayan ya ja mini kunne har sau uku kada ƙura ta shige shi. Da shi na kama hanyar Bauchi a watan Maris. Muka bi titin Gombe, muka karkata a Dindima, la'asar sakaliya muna Mainamaji, ƙofar shiga gandun dajin Yankari. Daga nan zuwa masaukin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40, duk cikin daji.

Da gari ya waye muka fita a buɗaɗɗiyar mota. Rani ya yi rani, namun daji sun gangaro kogin Gaji neman ruwa. Ni kuwa tunda na murɗa gilashin zuwa 300 ban sake sassauta shi ba, ɗoki ya hana. Gwambaza, mugun dawa, garken ɓauna, babu wanda ban danna wa ba. Da na duba, rabin hotunan dishi-dishi. Laifina ne. Gilashi in ya zuƙo dabba, har rawar hannunka yake zuƙowa. A 300 ana son shata, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa haske a cikin kyamara, ta rufe cikin 1/500 na daƙiƙa, ni ina kan 1/60, ga mota tana karkarwa.

"Malam, bari direba ya kashe inji tukuna," in ji jagoranmu, wani dattijo da ba ya yawan magana. "Ka kafa gwiwar hannunka a kan ƙarfen nan."

"To, Baba."

A wannan tsayawar na samu hoton da ya biya ni wahalar tafiya. Wani gwanki ne tsaye shi kaɗai, can bayansa da nisa ga wata katuwar kuka. A ido, tsakaninsu tafiya ce. A cikin hoton kuwa kukar ta matso ta tsaya masa a ƙeya, ta cika bayan gaba ɗaya, sai ka ce ƙahonsa zai taɓa reshe. Da muka koma masauki na gwada da abokin tafiyata: na tsaya kusa da shi a 70, sannan na ja baya sosai na zuƙo a 300. Girmansa ɗaya a hotunan biyu, amma a na biyun bishiyoyin bayansa sun kumbura sun narke, fuskarsa kaɗai ta fito tar. Ashe ja da bayan ne ke matse tazara, gilashin yanko maka wurin kawai yake yi.

Tsakar rana kuwa ɓata lokaci ne. Hucin ƙasa yana sa duk abin da ke nesa ya riƙa rawa, ko hannunka dutse ne.

Gab da magariba muka sauka matakala zuwa ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ba ya barin digiri 31, dare da rana. Haske ya ragu, daidai abin da nake jira. Na mayar da shata 1/8, na saita wani kututture a tsakiya, ina dannawa ina murɗa zoben zuƙo a lokaci guda. Sai ganyaye da hasken ruwa suka watse zara-zara daga tsakiya zuwa gefe, kamar an harba su, kututturen yana nan daram. Goma sha ɗaya na ɓata kafin ɗaya ya yi. In ka fizgi zoben da ƙarfi, tsakiyar ma tafiya take yi.

Ina cikin neman na biyu, ido ɗaya a kyamara ɗaya a rufe, na ji ƙarar leda a gefena. Kafin in ɗago, wani ƙaton bika ya haye reshe da burodin da za mu ci da shayi. Ya zauna yana ɓantara a hankali, kusa da ni ƙwarai, har sai da na dawo da gilashin 70 kafin ya shiga hoto gaba ɗayansa.