Ɓarɓashin ƙarfe a cikin aksil ɗin babbar mota

Idan haƙorin giya ya karye ko boris ya farfashe a aksil ɗin baya, wato kwankon ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya da giyar da ke cikinsa, yawancin masu mota hankalinsu na tafiya ne kan kuɗin kayan da za a sayo a Panteka. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne kwankon da za a mayar da sababbin kayan a cikinsa, domin ƙarfen da ya niƙe ba ya tsayawa wuri ɗaya. Man giya yana kwashe shi ya kai shi cikin hannayen aksil biyu, har bakin boris ɗin taya, tun da a yawancin irin waɗannan motoci mai ɗaya ne yake zagaya ko'ina cikin aksil ɗin.

Abu na farko da nake dubawa shi ne maganaɗisun da ke jikin notin zubar da mai. Baƙin gari mai laushi, wanda idan aka murza shi da yatsa ba a jin tsini, cin ƙarfe ne na yau da kullum. Amma idan aka ga ɓawo mai sheƙi ko gutsure, to wankin tsakiyar kwanko kaɗai ba zai wadatar ba.

Sai an zare shaf duka biyu, wato sandunan ƙarfen da ke cikin hannayen aksil masu juya tayoyi, an sauke giyar gaba ɗaya, sannan a zura maganaɗisu a kan doguwar sanda cikin kowane hannu. Bayan haka a jiƙa tsumma da kananzir, a tura shi daga bakin taya zuwa tsakiya, a yi ta sauyawa har farin tsumma ya fito ba tare da ƙyalli ba. Maganaɗisu ba ya kama tagulla, kuma wasu wasoshin cikin giyar da ita ake yin su, saboda haka tsumman nan dole ne. A nan ne yaran gareji suka fi yin ha'inci, musamman idan direba ya tsaya a kansu yana cewa lodi na jiransa a Mararrabar Jos.

Idan an gama, a busa iska, a share ƙofar numfashin da ke saman kwankon, wato 'yar kafar da iska ke fita ta cikinta, sannan a toshe kowace kafa da leda har zuwa lokacin haɗa kayan, domin ƙurar hunturu ma tana cin boris. Ina kuma ba da shawarar a zubar da man farko da aka zuba bayan gyaran da wuri, a sake duba maganaɗisun kafin a zuba sabon man giya mai lamba 85W-140.