Daga Dungas zuwa ƙasar Gumel

Da kaka ne, bayan an ɗaure gero, na kwaso iyalina daga ƙauyenmu na kusa da Dungas muka dawo wani ƙauye a gefen Maigatari. Tafiyar ko rabin yini ba ta kai ba, amma a takarda na bar Nijar na shigo Najeriya.

Washegari na je gaida mai unguwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, wurin zama nake nema." Bai tambaye ni katin shaida ba. Cewa ya yi, "Kai ɗan gidan wa?" Da na ambaci sunan kakana sai ya yi shiru, ya sa aka kira wani tsoho. Tsohon ya riƙe hannuna bai saki ba, ya ce kakana ya yi shekaru a garin nan, ƙanensa ma a maƙabartarsu yake kwance. A ranar aka ba ni aron gona.

Gudu ne ya kawo kakan nawa. A zamanin Faransa ana ɗibar maza aikin tilas, fasa hanya da dako, ga lanho, wato haraji, mai nauyi a kan kowane kai. Mutane kan kora dabbobinsu cikin dare su tsallako ɓangaren Ingila. Masu sarautar nan kuwa ba sa ƙin baƙo, don kowane magidanci ƙarin haraji ne. Faransawa suna ta kai ƙorafi wurin Turawan Ingila cewa ana kwashe musu talakawa. Sai da aka soke aikin tilas a 1946 kakana ya koma gida.

Iyakar ma da ya tsallaka, ba da shawarar Damagaram ko Gumel aka shata ta ba. Faransa na son hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, shi ne a yarjejeniyar 1904 Ingila ta yarda a turo iyakar kudu, Faransa kuma ta saki haƙƙinta na musamman na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can wajen Kanada. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa turaku. Har yau abin na ci mini rai, a ce da kifin wani teku aka yi cinikin gonakin iyayenmu.

Zama bai yi mini wuya ba. Lissafin naira ne ya ɗan ba ni aiki, ni da na saba da jakar sefa, sai da na yi Alhamis da yawa a kasuwar shanu ta Maigatari kafin hannuna ya faɗa. Yarana suka daina cewa lakwal, suka koma makaranta.

Baƙuncina ban ji shi sosai ba sai bayan juyin mulkin Yulin 2023, da aka rufe iyaka. Mahaifiyata ta kwanta ciwo can ƙauyenmu na Nijar a lokacin. Kan babur na bi ta daji cikin dare, da maganinta ɗaure a ƙugu, gabana na faɗuwa duk sanda na hango fitila. An buɗe ɓangaren Najeriya a Maris 2024, amma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba mu damar shige da fice ba biza. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu zuwa wani lokaci. Kullum da asuba ina kunna rediyo in ji ko maganar ta canja, sannan in saɓa fartanya in nufi gonar aron.