Tarihin Rayuwata, Kashi Na 6: Daren Da Na Kwana A Rijiya

Makon jiya na tsaya ne a inda na kwashe dami goma sha ɗaya daga rumbun matata, geron gayaunarta, na sayar a ɓoye. A 1984 ne, shekarar da gwamnatin Buhari ta canja launin kuɗi, ga shi daminar baya ba ta yi albarka ba a ƙasarmu ta Sumaila. Kuɗin duk a ƙwaryar burkutu suka ƙare. Ranar da matata ta leƙa rumbu ta kurma ihu, sai na ce ai na ga ƙanena yana zagaya wurin da dare. Yaro bai san hawa ba, bai san sauka ba, Baba ya ɗaure shi a turken jaki ya zane shi da tsumagiya. Ina tsaye ina kallo.

Kwana tara bayan haka, na taso daga gidan giya cikin duhu, na yanke ta gonaki. Akwai tsohuwar rijiya a bayan unguwarmu wadda ta ƙafe aka bar ta. Ban san lokacin da ƙafata ta zarce ba, sai dai na ji ni tsundum cikin laka har gwiwa, kafaɗar dama ta goce.

Zurfinta bai wuce gaba huɗu ba, amma duk inda na kafa yatsa sai bango ya zubo mini a fuska. Kwaɗi na tsalle a jikina. Giya ta sake ni tun kafin zakara ya yi cara. Na kira iskokin gidanmu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda Baba yake yanka wa kaza duk shekara, shiru kake ji.

Wani maƙwabcinmu Musulmi ne ya ji nishina bayan ya idar da sallar asuba, ya tara mutane. Aka zuro igiyar guga. Na kama da hagu, aka ja, na suɓuce. Sau uku. Sai na ji ana cewa dole wani ya sauka, kuma mara nauyi.

Ƙanena aka zuro. Ba riga a jikinsa, da ya sunkuya yana ɗaura mini igiya a ƙugu na ga sawun tsumagiyar nan a gadon bayansa, wasu ba su gama bushewa ba. Abin da ya ce kawai, "Yaya, riƙe wuyana."

Ina jinya mai ɗori yana zuwa, Baba kuma ya ce iska ce ta ja ni, sai an yanka baƙin bunsuru. Ana cikin haka mai bisharan cocin ECWA na ƙauyen gaba ya zo dubiya a kan kekensa. Mu a lokacin dariya muke yi masa, muna ce da shi mai addinin Turawa, alhali Bamaguje ne ɗan'uwanmu, Littafi Mai Tsarkin da ke jakarsa ma da Hausa yake, an fassara shi tun 1932. Ya zauna a bakin tabarma ya karanta mini Zabura 40, inda Dawuda yake cewa Ubangiji ya ji kukansa, ya fisshe shi daga rami da laka, ya kafa ƙafafunsa a kan dutse.

Ya rufe littafin ya ce, "Ɗana, an ce igiya ta iso ka. Me ya hana ka fita?"

Na ce, "Malam, hannun ba ya kamawa."

Ya ce haka zunubi yake yi wa mutum. Sanin daidai yana nan, kowa ya san sata ba kyau, ƙarfin riƙewa ne babu. Shi ya sa Allah bai tsaya a bakin rijiya yana ba da umarni ba, Yesu Almasihu ya sauko har inda muke. Jinin bunsuru, in ji shi, sai an sake zubarwa baɗi, amma na gicciye sau ɗaya aka zubar, ya isa.

Gaskiya ban gane rabin maganarsa ba ran nan, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ga wani haske ba. Gadon bayan yaron nan kawai nake gani. Malam bai san zancen gero ba, ba wanda ya sani, amma ji nake kamar da shi aka auna damin.

Na ce, "Malam, wanda ya sa aka doki mai fito da shi fa, shi ma da sauran bege?"

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Akwai. Amma faɗa mini, wa aka doka?"

Daidai nan matata ta ɗaga asabari da ƙwaryar kunu a hannu, ƙanena na biye da ita. Yadda muka kwashe a ɗakin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.