Shekara 30 da ƴan kai hannuna cikin giris

Jiya wani yaro ɗan Kadpoly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, da yake koyon aiki a shagona ya tambaye ni, wai Oga wannan karatun na injiniyan injina mutum yana iya tsufa a cikinsa kuwa, ko dai dole wata rana ya canja layi? Dariya na yi na nuna masa furfurata, amma wallahi har na kwanta maganar tana min yawo a kai.

Lokacin da muka gama HND ba wanda yake tunanin buɗe shago, Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, ita ce burin kowa. Masaƙu na aiki dare da rana, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci tun 1975, ga DICON mai ƙera makaman soja, can gefe kuma ga matatar mai da aka buɗe a 1980, in Allah ya sa ka samu ɗaya to kai da iyayenka kun huta. Ni masaƙa na samu, ɓangaren gyara. A nan wani tsohon fita, wato mai gyaran injina, da ko sakandare bai yi ba ya koya min abin da ba a rubuta a allo, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji ya kara kunne a mariƙin, ya ce boris ɗin nan ba zai kai Juma'a ba, kuma ba ya kaiwa. Allah ya jiƙansa.

Sai masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya daga wajen 2002, tamu ma ta bi sahu. Toh a nan ne hanya ta rabu. Cikin ƴan ajinmu akwai wanda ya shiga banki bai sake taɓa sifana ba, akwai wanda ya koma ABU ya ƙaro karatu yanzu koyarwa yake, ɗaya ya zama manaja a kamfanin abinci, albashinsa ya fi abin da nake samu nesa ba kusa ba amma shi da bakinsa yake ce min aikinsa yanzu mitin ne da sa hannu a takarda. Ni dai da ɗan abin da na tara na sayi tsohon injin feƙe ƙarfe da na walda, na kama shago.

Shekarar farko na sha wuya, don na zo da girman kai na mai takarda. Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna, ita ce ta sauke min shi. Ka je da zanenka mai kyau, mutumin da bai san sunan lissafin ba ya kalla sau ɗaya ya ce wannan shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a inji, zai murɗe, ku yi ta musu, ƙarshe ka koma ka sake lissafi ka ga da gaskiyarsa. Amma nima akwai abin da na fi su, ni na san dalilin da ya sa ya murɗe da kaurin da ya kamata a sa, shi ya sa muka daidaita, har yau tare muke aiki.

Yanzu abin da ke riƙe da mu injin casar shinkafa ne da na niƙa, da injin ɓare masara in kaka ta yi, sai gyaran famfon burtsatse da janareto. Mutum biyar ne ke ƙarƙashina banda ƴan koyo. Matsalar dai wuta ce da kuɗin dizal, wannan kowa ya sani ba sai na tsaya a kai ba.

Abin da ban gaya wa yaron ba shi ne jiki. Ido ya fara gajiya, walda kam na bar wa yara tuntuni, baya kuma ba ya yarda in kwanta ƙarƙashin inji kamar da. Aikina ya koma awo da zane da cinikin kwangila da sauraren ƙarar inji, kuma sai da na haura 50 na zauna ɗana ya koya min zane a kwamfuta, yana min tsawa kamar shi ya haife ni. Rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ma na yi sakaci da ita shekaru, sai da wani aikin gwamnati ya wuce ni a kanta sannan na bi layi.

Da safen nan da yaron ya zo na miƙa masa sukudireba na ce je ka saurari injin niƙan can na Alhaji ka faɗa min me ke damunsa. Ya dawo ya ce bel ne. Boris ne, amma na bar shi ya kwance ya gani da idonsa.