Ɓawon tangaran a haƙoran gaba: kafin a kankare maka haƙori

Haƙorin gaba da bakinsa ya gutsure, ko wanda ya yi dabbare-dabbare tun yarinta har wanki ya kasa fitar da shi, shi ake rufewa da biniya. Siririn ɓawo ne na tangaran, kaurinsa milimita 0.3 zuwa 0.7, kamar farce, ana manna shi a fuskar haƙori kawai. Jan goro kuwa, yawanci wankin asibiti ya ishe shi. Wushirya ma ana iya toshe ta, amma a Kano ado ce, ban ga dalilin taɓa ta ba.

Likita zai fara duba dasashi. In yana jini ko akwai ruɓa, sai an magance su tukuna. Mai son haske ya fara wankin fari, ya jira mako biyu, domin tangaran ba ya canja launi bayan an manna shi.

Daga nan sai kankara, kuma a nan aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Kusan rabin milimita ake cirewa daga inamel, wato farin ɓawon haƙori, kuma ba ya sake tsirowa har abada. Gam ɗin da ake manna biniya da shi, a jikin inamel yake kamawa da ƙarfi. In aka zarce zuwa dantin, wato ɓangaren haƙori da ke ƙarƙashin inamel, riƙon zai yi rauni, ruwan sanyi ya riƙa tsira maka haƙori, wata rana ɓawon ya ɓalle. Ka tambayi likita nawa zai cire kafin ya kunna inji.

Sai a ɗauki awo, a sa ɓawo na wucin gadi na mako ɗaya zuwa biyu. Ranar mannawa ana shafa wa haƙori asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 37 na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, a busar, a ɗora ɓawon da gam, a haska shuɗiyar fitila ya daskare. In yawu ko jini kaɗan ya shiga, gefen zai yi baƙi daga baya.

Ɓawon yana kai shekara 10 zuwa 15 in an kula. Ɓare rake, tauna busasshiyar aya da buɗe kwalbar lemo da haƙoran gaba, duk an daina. Kilishi a yayyaga shi da hannu. Mai cizon haƙora cikin barci kuma sai an yi masa robar sawa da dare, in ba haka ba tangaran ɗin zai tsage.